Ruwan Ƙaro a Gashin Malama

Har na kusa cika shekara hamsin ina da yaƙinin cewa gyaran gashi sha'ani ne na mata zalla, wanda namiji ba shi da abin yi a cikinsa sai ya gani ya yaba, in ma ya tuna da yabon. Na kuma ɗauka cewa idan mace ta naɗe gashinta ya yi zobe-zobe, to haka zai zauna da kansa har ranar da ta ga dama ta wanke shi. Ban taɓa zama na auna wannan tunani ba, domin babu abin da ya taɓa tilasta mini yin haka.

A unguwar Madabo aka haife ni, a gidan da nake ciki har yau. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, wankin hula ne sana'arsa. Yakan wanke hula, ya tsoma ta a ruwan ƙaro, wato danƙon nan na itace da ke sa ta tsaya, sannan ya ɗora ta a kan gungumen da aka sassaƙa daidai girman kai, a hau da su saman soro a jera a rana. Yana da doka guda da ba ya sassautawa ko da mai hular yana tsaye a zaure yana jira: ba a cire hula daga gungume sai ta bushe ciki da waje, ta kuma huce a inuwa. Ni boko aka sa ni, na wuce jami'a, na kama aikin ofis, amma na tashi ina jin wannan doka kamar yadda nake jin kiran salla.

Daga unguwar Shahuci aka kawo mini matata. Malamar makarantar 'yan mata ce, shi ya sa tun farko nake ce mata Malama, ita kuma tana ce mini Malam. Gashinta dogo ne mai laushi, ta gado shi daga wajen mahaifiyarta. Kitso ba ya yi mata. Tun tana ƙarama, in aka ja mata fatar kai sai ta yi kwanaki da ciwon kai. Wata gwaggonta da ta zauna a Kaduna ce ta koya mata naɗi da rola. Ga wanda bai san su ba, rola wasu 'yan bututu ne na roba masu huji-huji, ana naɗe jiƙaƙƙen gashi a jikinsu a maƙale da fil, in ya bushe a zare, sai ya fito a nannaɗe. Nata kore ne da ruwan hoda, a cikin wani tsohon gwangwanin biskit da ya zo cikin kayan aurenta.

Ranar Alhamis take yi, bayan ta dawo daga makaranta. Ta wanke kai da karkashi, ta zauna gaban madubi ta naɗe, sannan ta hau saman soro ta nemi wuri a tsakanin hulunan Baba ta zauna da littattafan ɗalibanta tana dubawa. Mahaifiyata ta daɗe ba ta saba da abin ba. Takan bi ta da kallo ta ce, "Yarinyar nan, kin kwashe kayan wasan yara kin ɗora a ka." Baba kuwa bai taɓa cewa komai ba. In surukarsa tana sama ba ya hawa. Ko yana buƙatar hula, sai ya tsaya a gindin matakala ya yi gyaran murya ya koma, hular ta jira.

Nakan dawo daga aiki in same ta a can. Daga saman soron nan a lokacin ana ganin Dutsen Dala sosai, da rufin gidajen ƙasa suna bin juna, da tantabarun maƙwabta suna kewayawa, kiran la'asar yana tasowa daga masallatai ɗaya bayan ɗaya, wani ya gama wani ya fara. Wata rana na tsaya a bakin matakala na ce mata, "Malama, ke ma an ɗora ki a gungume?"

Ba ta ɗago daga littafin ba ta ce, "Eh. In na bushe a kai ni ga mai ni."

Abin da na sani ke nan game da gashinta: Alhamis a naɗe, Juma'a in ta kwance ɗankwali a ɗaki ya zubo a kafaɗarta zobe-zobe, haka Asabar, haka Lahadi. A waje babu wanda ya taɓa gani. Ni kaɗai nake gani, sai kuma 'yan'uwanta mata.

Shekaru suka wuce. Baba ya rasu, wankin hula ya tsaya, aka tara gumaguman a wani ɗaki. Mahaifiyata ta bi shi. Muka rushe ɓangaren gaba muka yi na siminti. 'Yarmu ta fari ta yi aure a Zariya, ƙannenta maza biyu suna makaranta. Maƙwabta suka tada benaye masu tagogi da ke kallon soronmu, Malama ta daina hawa, ta koma zama a wani lungu na tsakar gida inda rana ke faɗawa. Ba zan iya cewa ga shekarar da ta daina hawa ba. Wata rana ce kawai na lura na daɗe ban gan ta a sama ba.

A farkon damina, shekaru kaɗan da suka wuce, ta zame a kan gansakuka kusa da rariya, ta faɗi a kan hannun dama. Wuyan hannun ya karye, kafaɗar ta goce. Aka yi ɗori a asibiti, ƙashi ya haɗe, amma da aka kwance sai hannun ya ƙi ɗaguwa sama da kafaɗa. Likita ya ce a riƙa motsa shi a hankali, kada a yi tsammanin abin zai zo da wuri. 'Yarmu ta zo ta yi jinya, ta kula da kan mahaifiyarta, sannan dole ta koma ɗakinta.

Daga nan gashin ya fara lalacewa. Dogon gashi hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe ɗaya ya taje, naɗi kuwa ba ya yiwuwa da hannu guda ko kaɗan. Ya riƙa cukurkuɗewa a ƙeya, bakinsa yana karyewa. Wata maƙwabciya ta yi mata kitso sako-sako, duk da haka ciwon kan ya dawo, aka tsefe. Sai ta gwada zuwa salun, wato shagon gyaran gashi, a wajen ganuwa. An yi mata naɗi mai kyau, in ji ta, amma ta shigo a daidaita sahu cikin hijabi, ga zafi ga cunkoso, kafin ta iso gida zufa ta gama da shi. Ina ɗakin lokacin da ta cire hijabin. Ta dubi madubi, ta ɗaura ɗankwali ta fita.

Yayarta, wadda ni ma nake ce wa Yaya, mace ce da ba ta jan magana. Ta zo dubiya wata Asabar a ƙarshen damina. Na gaishe ta na koma falo kamar yadda na saba, domin tsakanina da ita akwai kunya. Daga nan na ji tana cewa, "Ke, a rage gashin nan a huta. Ni tun da na dawo daga Hajji na rage nawa, ga ni ban mutu ba. Asabar mai zuwa zan taho da almakashina."

Malama ta ce, "To, Yaya."

Na san "to" ɗin matata iri-iri. Wannan irin wanda take yi ne idan ta riga ta gama kukan abu a ranta.

Washegari da hantsi na same ta a tsakar gida ta juye gwangwanin biskit a tabarma, tana goge rola ɗaya-ɗaya da hannun hagu, tana danne su da gwiwa.

Na ce, "Ina za a kai su?"

"Zariya. Ba su da sauran amfani a nan."

"Ke kina so a yanke?"

"Malam, ba maganar so ba ce. Hannu ne ba ya kaiwa."

"Nawa yana kaiwa."

Ta ɗago ta dube ni da kyau. "Kai? Kai da in maɓallin rigarka ya cire sai ka rataye ta ka jira ni?"

"Ki faɗa, in yi."

"In aka ji a majalisa fa?"

"Wa zai kai musu? Ke?"

Na sha tambayar kaina dalilin da ya sa na faɗi haka. Ina so in ce tausayinta ne. Amma ina zargin akwai son kai a ciki, domin ban shirya rabuwa da matar nan da ke zaune a tsakanin huluna ba, kuma gashin ne abin da ya rage mini na wannan zaman. Har yau ban iya raba dalilan biyu ba.

A ranar muka gwada. Ta sunkuya a kan kujera 'yar tsugunno, idonta a rufe saboda ruwa, na wanke mata kai da karkashi. Da na sa mataji sai ya ƙi wucewa. A gidan da na tashi ba a kai mataji kan mace sai an ƙosar da gashin da mai. Na ga mahaifiyata tana yi wa ƙannena haka kafin kitso, har kan ya riƙa ƙyalli. Don haka ban yi shawara ba, na miƙa hannu na ɗebo man kaɗanya a kan kantarta, na murza a tafi, na bi gashin da shi tun daga tushe.

Ta ce, "Malam, me nake ji? Kaɗanya?"

"Don ya yi laushi."

"Innalillahi. Kitso za ka yi mini?"

Ta yi mini bayani cewa mai na kitso ne, domin kitso a ɗaure yake, nauyi ba ya damunsa. Naɗi kuwa a sake yake, in ya sha mai sai nauyin ya ja shi ƙasa. Kafaɗarta ta riga ta fara ciwo, ba za ta iya sake sunkuyawa a wanke ba, sai muka ci gaba a haka. Na riƙa ɗibar gashi da yawa a kan rola ɗaya don in gama da wuri. Da magariba ta gabato na taɓa sama na ji a bushe, na zare su duka. Ya yi kyau na ɗan lokaci, har na fara jin daɗin kaina. Kafin in dawo daga masallaci ya saki gaba ɗaya, ya kwanta a bayanta kamar jiƙaƙƙen zare.

Ta ce, "Ka yi ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. A bar wa Yaya."

Tun da ta ji ciwo, in ina gida ni nake zuba mata ruwan alwala, domin ba ta iya riƙe buta ta kuma wanke da hannu guda. Nakan zuba ne hankalina yana wani wuri. Ranar Litinin da la'asar na tsaya na kalla. Da ta zo shafar kai sai ta jiƙa tafinta, ta yarfe ruwan, ta buɗe yatsu, ta bi kan daga goshi zuwa ƙeya ta dawo, a hankali, ba ta danna ba. Ni kuwa tun ina yaro nakan kamfaci ruwa ne in dirje kai har ya gangaro wuya.

Na ce, "Wannan ya isa kuwa?"

"Shafa aka ce, ba wanki ba. Tun ina amarya na tambayi malamarmu ta Islamiyya, ta ce in dai hannu da danshi kuma ya game kai, an yi. Shi ya sa ma in na samu iko nake riƙe alwalar azahar har la'asar."

A ranar babu wani naɗi a kanta da za ta kare, hannun ne ya saba. A nan na fahimci cewa abin da na ɗauka yana zaune da kansa, kullum ana tsaronsa, a duk alwala. Na zauna a bakin baranda na ce ta faɗa mini sauran.

Ta yi dariya kaɗan. "Yau kuma darasi ake so? To. Tururin tukunya yana kashe shi, in zan tuƙa tuwo sai na ninka ɗankwali. Mai santsi ake fara ɗaurawa, na atamfa ya biyo a sama, don atamfa tana cin gashi. Ba a sa masa mataji bayan an zare rola, yatsu kawai. In za a kwanta a tattara shi a tsakar ka a maƙale, kada a danne. Sai kuma ƙaro."

"Wane ƙaro?"

"Na Baba mana."

Ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Watanni kaɗan bayan aurenmu ruwan naɗin da gwaggonta ta ba ta ya ƙare, ba a kuma sayar da irinsa a cikin gari. Tana zaune a soro tana ganin yadda hula ke riƙe siffarta, sai ta roƙi mahaifiyata ta samo mata ɗan ƙaro ta gwada. Na farko ya yi kauri, gashin ya sandare. Ta yi ta ƙara ruwa har ta gano ƙwaya ɗaya ƙarama ta ishi kofi guda. Ba ta san abin da mahaifiyata ta gaya wa Baba ba. Abin da ta sani shi ne, daga lokacin, duk sanda ya sayo ƙaro sai ya tsince ƙwayoyin da suka fi haske, marasa ɓawo, ya zuba a ƙaramin ƙoƙo ya ajiye a gindin matakala. Bai taɓa cewa na wane ne ba, ita ma ba ta taɓa yi masa godiya da baki ba, har ya rasu.

Na san mahaifina mutum mai tsare gida, wanda ba ya shiga sabgar mata ko da tambaya. Ashe ya san abin da ke kan surukarsa, ya kuma san abin da zai sa ya tsaya.

Na ce, "A ba ni Alhamis. In ya kai Asabar, a bar shi. In ya saki, ba zan ƙara magana ba."

Ta ce, "In ya kai Asabar, ni zan yi wa Yaya magana. Amma kada ka kusanci kantata."

Ranar Laraba na bi ta kasuwar Kurmi. Mai ƙaron ya ce, "Alhaji, na tawada ko na hula?" Na ce na gida ne. Ya tura mini faranti, na tsuguna ina ɗaga ƙwayoyin ɗaya-ɗaya ina duba su a haske, ina ware masu duhu. Ya ce, "Kai ɗan gidan masu hula ne." Na ce haka ne. Na jiƙa ƙwaya guda a kofi ta kwana, da safe na tace da ƙyalle.

Ranar Alhamis na nemi izini na bar ofis bayan azahar. Muka wanke kan, ba mai. Na taje daga baki zuwa tushe a hankali, yadda ta ce. Ta riƙe fil a hannun hagu tana miƙo mini, tana kallona ta madubi.

"Ka rage. Kada faɗinsa ya wuce rolar. Wannan ai dami ka ɗebo."

Na rage, na shafa ruwan ƙaro da yatsu.

"Bakin za ka fara kwantarwa, in ya lanƙwashe a nan haka zai fito. Ja kaɗan. Kaɗan na ce, Malam, kai ne ba igiyar guga ba."

Ina tsakiyar aiki aka yi sallama a zaure. Abokina ne tun na firamare, tela, wanda muke zama majalisa ɗaya. Na fita da sauri ban duba jikina ba. Ni kuwa sanƙo ya daɗe da cinye mini kai. Ya dubi aljihun rigata ya ce, "Malam, mataji? Me za ka taje, hasken goshi?"

"Ajiya aka ba ni."

Ya miƙo hannu muka gaisa, ya ji tafina yana danƙo. "Wannan kuma fa?"

"Ƙaro ne."

"Au, gado ka koma? Madalla. Gobe zan aiko da hulata."

Ya kuwa aiko da ita, har yau tana rataye ban wanke ba.

Rashin sabo ya sa na ɗauki lokaci mai tsawo; kafin in gama, rana ta bar lungun da take zama. Na ce mu hau soro. Ta ce tagogin fa? Na ɗauki zannuwan gado na shanya a igiya ta ɓangaren benaye, na riƙe ta muka hau. Soron ya tsattsage, ciyawa ta fito a kusurwa. Dala sai an leƙa ta tsakanin tankunan ruwa ake ganin gefensa. Ta zauna ta juya wa rana baya, ni na zauna a inuwar zani. Ba mu yi wata hira ba. Ta ce tantabarun sun ragu, na ce masu kiwonsu ne suka ragu.

Bayan la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kaɗa zannuwan. Ta taɓa gaban kanta ta ce, "Ya bushe. Zare mu sauka."

Na taɓa, saman ya bushe. Na kwance guda ɗaya a ƙeya rabi, na sa yatsa a ciki, na ji sanyin danshi. Na mayar na maƙale.

"Bai yi ba."

"Malam, ruwa zai sauko."

"Mu sauka da su a kai."

"Tun da nake ban taɓa kwana da rola ba."

"Tun da kike ba ki taɓa samun mai naɗi mai nawa irina ba. Cikin bai bushe ba, Malama. In na cire yanzu, irin na Lahadi za mu samu."

Ta dube ni ta ce, "Muryar Baba ke nan." Ba ta ƙara musu ba.

Da safe ta ce ba ta yi barcin kirki ba, kuma ta tabbatar na san haka. Allah ya taimake mu gari ya waye garau. Muka sake hawa da hantsi ta sha rana, sannan na sa ta koma inuwa har kan ya huce, domin na ga bai kamata a cire da zafinsa ba. Na zare su a hankali. Kowane zobe na mayar da shi yadda ya fito na maƙale da fil na ɗan lokaci kafin in sake. Ta raba su da yatsun hagu, ta juya kai dama da hagu a gaban madubi. Ba ta yaba ba. Ta ce, "Sai gobe a gani." Ta ɗaura mai santsi, ta ɗora na atamfa.

Daga masallacin Juma'a na biyo da gurasa da tsire don kada ta tsaya a kan tukunya. Ta karɓi ledar ta ce, "Wato sai da hannuna ya karye na san kana gane hanyar masu gurasa." Da na zuba mata ruwan alwala na lura ina rage zubin da kaina idan ta zo shafar kai. An yi yayyafi da yamma, iska ta yi danshi, na riƙa kallon ɗankwalin ina so in ce ta kwance in duba, na hana kaina.

Yaya ta iso ranar Asabar da hantsi, almakashinta a naɗe cikin hankici. Na gaishe ta na koma falo, amma ban rufe ƙofa ba.

Na ji ta ce, "Kawo tabarma nan inda haske yake. Kwance ɗankwalin."

Can na sake jin muryar Yaya.

"Salun kika koma?"

"A'a, a gida aka yi."

"Yarinyar ta zo daga Zariya ba a gaya mini ba?"

"Ba ta zo ba."

"Yaushe aka yi shi?"

"Alhamis aka naɗe."

"Alhamis? A wannan danshin?" Sai Yaya ta rage murya ta ce, "Ke, kada ki ce mini..." Ban ji amsar ba, dariya kawai na ji, irin wadda ake toshewa da mayafi, ta mutum biyu.

Can Yaya ta ɗaga murya fiye da yadda tsakar gidan ke buƙata. "To, a gaya wa mai aikin, ƙeya ta hagu ta saki. Ya ɗebi gashi da yawa a wurin." Gaskiya ta faɗa, nan ne na ƙarshe da na naɗe, na riga na gaji.

Malama ta ce, "Yaya, bakin kawai za ki datse mini, inda ya karye. Sauran a bar shi."

"Kin tabbata? Kada mai aikin ya gaji bayan sati biyu ki aiko a kira ni."

Malama ba ta amsa ba. Na gane ba za ta ɗauki alkawari a madadina ba, kuma tana da gaskiya. Ban taɓa sa baki a hirarsu daga wani ɗaki ba, amma na yi gyaran murya na ce, "Ba zai gaji ba, Yaya, in Allah ya yarda."

Yaya ta ce, "Ni ban yi magana da kai ba, Malam."

Daga nan sai ƙarar almakashi, kaɗan-kaɗan, ba ta daɗe ba. Da za ta tafi na raka ta zaure. Ba ta dube ni ba, kamar kullum. Ta gyara mayafi ta ce, "Allah ya bar ku tare," ta fita.

Hannun Malama bai koma yadda yake ba. Yanzu yana kaiwa daidai kunne, ba ya wucewa. Gashin yana nan da tsawonsa. Duk mako ita take naɗe gaba, ni nake naɗe tsakiya da ƙeya.